Littafin shafa launi na tuna baya: wanne za ka saya, da me kuma za ka shafa shi?

Duk wanda ya ƙudura sayen littafin shafa launi na manya, musamman mai zanen kayan zamanin da, tambaya biyu ke tare shi a lokaci guda: wane littafi, da wane kayan shafawa? Galibi mutane kan raba su. Su ɗauki littafi don bangonsa ya burge su, sannan su sayi fensira ko alƙaluman maka don sun ga wani yana aiki da su a bidiyo. Daga nan matsala ke farawa, domin takardar littafin ita ke da ta cewa a kan abin da zai hau kanta. Maka mai tsada a kan takarda mai zane gaba da baya na nufin duk hoton da ka shafa ka yi asarar na bayansa. Fensir mai kyau a kan takarda mai sulɓi kuwa sai ya yi ta zamewa, launin ya ƙi kamawa, ka zaci laifin hannunka ne.

Littattafan shafa launi na manya sun yi tashe a wajajen 2015, lokacin da suka riƙa shiga sahun littattafan da aka fi saye a Amurka da Turai. Furanni da zanen ado mai maimaita kansa ne suka cika kasuwa a lokacin. Masu zanen tsofaffin kaya sun riga wannan tashe, don kamfanin Dover na Amurka yana buga irinsu tun shekarun 1970, amma yanzu ne suka yawaita: akwatin rediyo na katako, wayar tarho mai juyawa, keken ɗinki, keken rubutu, fitilar ƙwai, kaset, tsofaffin motoci da babura.

Akwai abin da ya raba waɗannan da na furanni, kuma shi ya sa zaɓensu ya fi wuya. Idan ka shafa wa fure launin da ka ga dama, ba mai ce maka komai. Amma rediyon da ka taɓa murɗawa da hannunka, launinsa yana nan a kanka tun kafin ka ɗauki fensir. In zanen bai yi kama da shi ba, ko kayan shafawarka suka kasa ba ka wannan ruwan ƙasan da ya sha hannu, daɗin abin ya tafi. Saboda haka littafin tuna baya yana buƙatar zane mai gaskiya, da kayan da za su iya fitar da launi mai sanyi, wanda ya ɗan kwana biyu.

Ma'aunin da za a bi

Na farko takarda, kuma abu uku ake dubawa a jikinta. Nauyinta, wanda ake aunawa da giram a kan murabba'in mita ɗaya, shi ne lambar da ake rubutawa tare da haruffan gsm a bayanin littafi. Takardar ofis giram 80 ce. Duk abin da bai wuce 100 ba siririya ce. Daga 120 zuwa 160 fensir yana jin daɗinta. Ruwa kuwa sai an kai wajen 200, kuma takardar da masu fentin ruwa suka fi amfani da ita 300 ce. Sai kaushinta: fensir yana kamawa ne a 'yan ƙananan ramukan da ke fuskar takarda, in ta cika sulɓi ba za ta karɓi launi sama da hawa biyu ko uku ba. Na uku, shin zanen a fuska ɗaya yake ko gaba da baya?

Na biyu zanen kansa: girman guraben da za a cika, kaurin layi, da ko mai zanen ya san abin da yake zanawa.

Na uku kuɗi. Wanda za ka biya ranar saye daban, wanda za ka riƙa biya daga baya daban. A kowane akwatin fensira akwai launuka huɗu ko biyar da ke riga saura ƙarewa. In kamfanin yana sayar da guda-guda, ka huta. In ba ya yi, sai ka sake sayen akwati sukutum saboda ruwan ƙasa guda ɗaya.

Sauran su ne ƙarko, wato ɗaurin littafi da jimirin launi a gaban hasken rana. Sauƙi ga hannu da ido. Da kuma haɗari, wato abin da zai iya ɓata maka aiki ko ya cutar da kai.

Littattafan

*Mai zane gaba da baya, na manyan kamfanonin ɗab'i.* Su ne suka fi kyau a hannu. Takarda mai kauri, sau da yawa ruwan madara, ɗauri na ɗinki, sunan mai zane a bango. Ruwan madarar nan alheri ne ga zanen tuna baya, don tun kafin ka fara, shafin ya riga ya yi kama da tsohon abu. Zanen kan zo da cikakken wuri, misali ɗaki da duk kayansa, ko kanti da kwalabe jere a kan kanta. Su ne suka fi tsada, kuma suna da ƙarko. Matsalarsu biyu. Maka mai sifirit, wato mai tawadar alkohol, ba ta dace da su ba ko kaɗan, don tana ɓulla zuwa hoton baya. Sannan idan hoto ya ratsa shafi biyu, tsakiyarsa kan nutse cikin ɗauri inda bakin fensir ba ya kaiwa. Gurabensu ƙanana ne, shafi ɗaya na iya cin zama da yawa, wanda kuma idonsa ya fara rauni zai gaji da wuri.

*Mai zane a fuska ɗaya, da layin huji na yagewa.* Jerin Creative Haven na kamfanin Dover shi ne sanannen misali. Takardar matsakaiciya ce, fara, kuɗin kuma bai kai na farkon ba. Kana iya yage shafin ka ɗora a kan allo, ka juya shi yadda hannunka ke so, ka shafa da fensir ko maka, in ka gama ka sa a firam ko ka ba wani. Rauninsa shi ne idan ka cika buɗe shi da rufewa, shafukan kan fara ɓallewa da kansu ta wajen hujin. A ganina, ga wanda bai san inda zai fara ba, wannan ne ya fi kowanne rufin asiri, domin bai hana ka kowane irin kayan shafawa ba sai ruwa mai yawa.

*Mai manyan layuka, wanda ake bugawa sai an yi oda.* Waɗannan su suka cika kasuwar intanet, yawancinsu ta tsarin buga littafi na Amazon. Abu ɗaya a shafi, layi mai kauri, gurabe manya: kaset guda, wayar tarho guda, kofi da faranti. Suna da araha, suna da sauƙi ƙwarai, ana gama shafi a zama ɗaya. Takardarsu ba ta fi ta ofis da yawa ba, ɗaurin na gam ne, littafin ba ya kwanciya a buɗe sai ka danne shi. Wasu suna zuwa da bayan shafi baƙi. Kada wannan ya ruɗe ka: baƙin yana ɓoye tawadar da ta ɓulla ne kawai, ba ya tare ta.

A nan ne haɗarin zanen bogi ya fi yawa, kuma zan ɗan daɗe a kansa, don yana ɓata wa masu son tuna baya rai fiye da kowa. Littattafai da yawa yanzu manhajar kwamfuta ce ke zana su, ba wanda ya duba kafin a buga. A hoton tallar komai daidai. Sai littafi ya zo hannu ka ga layi ya taho ya ɓace a tsakiyar hanya, gurbi bai rufe ba, rubutun jikin kaya haruffa ne marasa ma'ana, mutum da yatsu shida. Kafin ka biya, nemi hotunan cikin littafin, ka ƙara musu girma, ka gwada su da abin da ka sani. Wayar tarho mai juyawa huji goma gare ta, daga 1 zuwa 9 sannan 0. Kaset ramuka biyu gare shi, kowanne da haƙora shida, shi ya sa biro mai kusurwa shida ke shiga ya naɗe zaren in ya warware. Keken ɗinki allurarsa tana hagu, ƙafar juyawa tana dama. Tsohuwar Volkswagen Beetle injinta a baya yake. Littafin da ya kuskure waɗannan, wanda ya haɗa shi bai taɓa riƙe kayan ba, bai kuma damu ya tambaya ba. Duba ko akwai sunan mai zane, duba hotunan da masu saye suka ɗora da kansu. Haka kuma littattafan da ke ɗauke da 'yan wasan katun na da: in ba ka ga tambarin kamfanin da ya mallake su ba, akasari an kwafo su ne ba izini, kuma bugun kan zo dishi-dishi.

*Mai inuwar toka.* Maimakon layi zalla, hoto ne fari da baƙi wanda aka rage wa duhu, kai kuma ka ɗora launi a kai. Inuwa da haske suna nan tun asali, aikinka ka bi su: launi mai haske a inda toka ta yi haske, mai duhu a inda ta yi duhu. Ga tuna baya babu kamarsa wajen kama da gaske, don sakamakon kan fito kamar tsofaffin hotunan da masu ɗaukar hoto ke yi wa launi da hannu kafin fim mai kala ya yaɗu. Sai dai komai ya dogara da ingancin bugu. In tokar ta yi duhu, duk launin da ka sa sai ya dagule. Tawadar bugun kuma kan sa takardar sulɓi, fensir mai tauri ya ƙi kamawa. Wanda ya saba da layi zai ɗan sha wuya a shafukan farko.

*Wanda za ka buga da kanka.* Ka sayi fayil, ko ka sauke na kyauta, ka buga a takardar da ka zaɓa. Tun 2016 ɗakin karatu na New York Academy of Medicine ya fara wani shiri mai suna Color Our Collections, inda ɗakunan karatu da gidajen tarihi na ƙasashe daban-daban ke fitar da shafukan shafa launi kyauta daga tsofaffin littattafansu. Ga mai son zanen da ya fito daga zamaninsa da gaske, wannan taska ce. Fa'idar bugawa da kanka ita ce kai ke da iko da takarda, kuma in ka ɓata shafi ka sake bugo wani. Wahalarsa neman firinta da takarda mai kauri. Ka lura, tawadar firinta mai ruwa takan narke in ruwa ya taɓa ta, ta firintar leza ba ta narkewa da ruwa. In maka mai sifirit za ka sa, gwada a gefe tukuna.

| Irin littafi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gaba da baya, takarda mai kauri | Mai tsada | Sosai | Yana son haƙuri | Tawada ta ɓata hoton baya |
| Fuska ɗaya, mai yagewa | Matsakaici | Daidai gwargwado | Matsakaici | Shafuka su ɓalle |
| Manyan layuka, bugun oda | Mai araha | Kaɗan | Sosai | Zanen bogi, siririyar takarda |
| Inuwar toka | Ya danganta | Ya danganta da takarda | Sai an saba | Bugu mai duhu |
| Bugun kanka | Kaɗan a fayil, ƙari a takarda | Yadda ka zaɓa | Akwai hidima | Tawadar firinta ta narke |

Kayan shafawa

*Fensir mai launi.* Shi ne ginshiƙi, kuma shi kaɗai ne ke shiga duka littattafan nan biyar. Ana raba na ƙwararru gida biyu, mai kaki da mai mai. A gaskiya kowanne yana ɗauke da haɗin abubuwan da ke riƙe garin launi, bambancin yana ga yawan kowanne da yadda ake jin sa a hannu.

Prismacolor Premier shi ne sanannen mai kaki, launukansa sun kai 150. Yana da taushi, launi na sauka ba sai ka danna ba, yana sajewa da juna cikin sauƙi. Ga mai ciwon yatsu wannan babbar fa'ida ce. Amma taushin nan yana da farashi: yana cinyewa da sauri, bakinsa ba ya daɗewa da tsini, zuciyarsa kan karye in ya faɗi ƙasa ko abin fiƙewa ya dakushe. Idan aka shafa shi da kauri, musamman launuka masu duhu, bayan 'yan kwanaki wani farin hazo kan taso a saman aikin. Kakin ne ke tasowa, kuma ana share shi da ƙyalle mai taushi.

Polychromos na kamfanin Faber-Castell na Jamus, wanda aka fara yi a 1908, shi ne sanannen mai mai, launuka 120. Ya fi tauri, yana riƙe tsini, ba ya saurin karyewa, kuma yana karɓar hawa a kan hawa. A ƙananan gurabe kamar lambobin fuskar rediyo ko madannan keken rubutu, ya fi mai kaki nesa. Yana son haƙuri, don launin ba ya cika a shafa ɗaya. Kuɗinsa na da yawa ranar saye, amma fensir ɗaya kan daɗe, kuma ana samun sa guda-guda. A jikin kowanne akwai taurari da ke nuna jimirinsa ga haske, uku ne mafi girma. Luminance na Caran d'Ache na Suwizalan ya fi su duka tsada, an yi shi ne don aikin da za a rataye shekara da shekaru. Ga littafin da zai zauna a rufe, ban ga dalilin kashe wannan kuɗi ba.

Fensiran 'yan makaranta, irin su Crayola da ƙananan akwatunan Staedtler da Faber-Castell, suna da araha kuma suna aiki. Garin launinsu bai kai na ƙwararru ba, don haka sai an danna, kuma dannawa ke gajiyar da hannu ta kuma huda siririyar takarda. Akwai wani abu da nake ganin ba a faɗa musu adalci a kai: hasken launinsu ya dace da zanen shekarun 1950, lokacin da ake yayin ruwan hoda mai haske da kore mai sanyi da shuɗin sama a jikin firiji da motoci. Babban gibinsu shi ne ƙarancin ruwan ƙasa da ruwan toka. Akwatin 24 kan zo da ruwan ƙasa biyu ko uku, alhali littafin tuna baya rabinsa katako ne da fata da ƙarfe.

Ga yadda fensir ke fitar da akwatin rediyo na katako. Fara da ruwan zuma mai haske, hannu sake, kana bin tsawon katakon. Ka bar siririn fari a gefen da haske ke bugawa. Ɗora ruwan ƙasa matsakaici, layi-layi, kada ka cike ko'ina, don ruwan zumar ya riƙa leƙowa. A kusurwoyi da ƙarƙashin maɓallan murɗawa sa ruwan makuba, sannan ka ɗan taɓa shuɗi mai duhu a inda inuwa ta fi zurfi. Baƙi yana kashe katako, shuɗi kuwa yana ba shi zurfi. A ƙarshe bi duka da ruwan madara kana ɗan dannawa, sai hawa-hawan su haɗe. Ƙarfe mai ƙyalli na gaban mota kuma yawancinsa farar takarda ce: shuɗin sama kaɗan daga sama, ruwan ƙasa kaɗan daga ƙasa, layi mai duhu mai kaifi a tsakiya.

In launi ya yi maka sabo da yawa, sanyaya shi da kishiyarsa. Kore kaɗan a kan ja, ruwan lemo kaɗan a kan shuɗi, shunayya kaɗan a kan rawaya. Da wannan dabara akwatin 36 zai ba ka launukan shekarun 1970, wato ruwan goro da ya ƙone, rawaya mai duhu, kore mai ruwan ƙasa, ba tare da ka sayi akwatin 120 ba. Wannan iko na sanyaya launi shi ne dalilin da na fifita fensir a wannan fanni.

*Maka mai sifirit.* Tawadarta an narka ta ne a alkohol, irin na sifirit. Copic ta Japan, wadda ta fito a 1987, ita ce uwa a wannan layi: launuka 358, ana ƙara mata tawada, ana canza mata baki. Ohuhu da makamantanta sun fi araha da nisa, kuma sun ishi mai shafa littafi. Kyanta shi ne launi na kwanciya sumul ba shatin hannu, da sauri, ba dannawa. Ga roba da leda da hasken shekarun 1980, irin jikin Walkman, ƙaramar na'urar sauraron kaset da Sony ta fitar a 1979, ko na'urar wasan hannu ta Game Boy ta 1989, babu abin da ya kai ta, har ta fi fensir. Haɗarinta a bayyane yake. Tana ratsa kusan kowace takardar littafin shafa launi, har mai kauri, don haka sai mai fuska ɗaya, kuma da kwali a ƙarƙashin shafin. Tana ɗan yaɗuwa bayan ka ɗaga hannu, saboda haka tsaya kafin ka kai layi. Tana da wari, a yi aiki inda iska ke shiga. In ka manta murfi a buɗe ta bushe. Launinta kuma rini ne, yana koɗewa in rana na dukansa. Duba akwatin da kyau kafin ka saya: wasu cike suke da launuka masu ƙyalli, ga tuna baya kuwa akwatin ruwan toka da na ruwan ƙasa sun fi amfani.

*Maka mai ruwa da siririn alƙalami.* Tombow mai baki biyu, Staedtler triplus mai bakin milimita 0.3, Stabilo point 88 mai 0.4. Ba wari, kuɗi matsakaici, ba sa ratsa takarda mai kauri in ba ka nanata ba. A babban gurbi suna barin shatin layi, in kuma ka koma kan wuri ɗaya yana jiƙe, fuskar takardar sai ta saɓule. Wurinsu ƙananan abubuwa ne: rubutun jikin kaset, adon labule, zaren keken ɗinki.

*Biron jel.* Sakura ta Japan ta fara fitar da shi a 1984. Ba a cika shafi da shi, yana ƙarewa da wuri kuma yana jinkirin bushewa, gefen hannu na iya share shi. Amma fari guda ɗaya, irin Gelly Roll ko Uni-ball Signo, ya cancanci kuɗinsa: ɗigo biyu a gilashin fitila ko fitilar mota, sai abin ya yi ƙyalli. Ruwan gwal guda kuma don adon da ke jikin baƙin keken ɗinki.

*Fensirin ruwa.* Ka shafa a bushe, ka bi da buroshi mai ɗan danshi, launin ya narke. Albrecht Dürer na Faber-Castell da Inktense na Derwent ta Ingila su ne sanannu. Inktense in ya bushe ya zauna ke nan, ba ya sake narkewa, launinsa kuma ya fi ƙarfi bayan an jiƙa shi. Irin laushin da fensirin ruwa ke bayarwa ya yi daidai da tsofaffin katunan gaisuwa, amma a siririyar takarda shafin zai kumbura ya yamutse. Ya fi dacewa da wanda ke buga nasa a takarda mai nauyi.

*Kirayon.* Shi kansa kayan tuna baya ne. Crayola ta fara sayar da akwatin guda 8 a 1903, na 64 mai abin fiƙewa a jiki ya zo a 1958. Wasu ƙanshinsa da jin sa a hannu suke nema, kuma wannan dalili ne mai kyau. Ya fi komai araha, ba ya ratsa takarda, amma ba ya shiga ƙananan gurabe, ba ya kuma hawa kan juna sosai. Da littafi mai manyan layuka suke tafiya. In akwai yara a gida da za su iya kai hannu, nemi tambarin AP ko EN 71 a jikin kowane akwati, su ne alamun an gwada lafiyar kayan.

| Kayan shafawa | Kuɗi | Ƙarkon launi | Sauƙi | Takardar da ya dace da ita |
|---|---|---|---|---|
| Fensir mai kaki | Matsakaici zuwa tsada | Ya bambanta daga launi zuwa launi | Mai taushi, yana karyewa | Kowace iri |
| Fensir mai mai | Tsada | Mai kyau | Yana son haƙuri | Mai ɗan kaushi |
| Fensirin makaranta | Araha | Ba a cika bayyanawa ba | Sai an danna | Kowace iri |
| Maka mai sifirit | Matsakaici zuwa tsada sosai | Yana koɗewa a rana | Da sauri | Fuska ɗaya kawai |
| Maka mai ruwa | Araha zuwa matsakaici | Yana koɗewa a rana | Shati a babban gurbi | Mai kauri |
| Fensirin ruwa | Matsakaici zuwa tsada | Ya bambanta | Sai an koya | Giram 200 zuwa sama |
| Kirayon | Araha sosai | Daidai gwargwado | Sosai | Manyan gurabe |

Ko me ka zaɓa, abin fiƙe fensir mai kaifi da kwali guda na sawa a ƙarƙashin shafi dole ne. Kwalin ba don maka kaɗai ba, har fensir in an danna yakan bar shati a shafin gaba, ya kuma manna tawadar bugu a wanda ke fuskantarsa. Kafin ka taɓa hoton da kake so, gwada kayanka a shafin ƙarshe na littafin.

Wanne ne naka?

In yau za ka fara kuma ba ka tabbatar abin zai zauna maka ba, ɗauki littafi mai fuska ɗaya da akwatin fensira 24 ko 36 na matsakaicin kuɗi, ka ƙara ruwan ƙasa biyu da ruwan toka biyu na ƙwararru guda-guda, da farin biron jel. Wannan haɗin zai kai ka nesa kafin ka ji buƙatar ƙari.

In hutawa kake nema bayan aiki, rabin sa'a ka ga shafi ya kammala, to mai manyan layuka da maka mai sifirit mai araha, da kwali a ƙasa. Ka dai tace littafin da kyau kafin ka biya.

In tsoho ko tsohuwa za ka saya wa, ko mai ciwon gaɓoɓin hannu, ko wanda idonsa ya yi rauni, nemi layi mai kauri da abu ɗaya a shafi, wanda ake yagewa ko mai ɗaurin waya da ke kwanciya a buɗe. Haɗa da fensir mai taushi ko maka mai ruwa marar wari. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne shekarun da littafin ya zana su zama na ƙuruciyar mai shafawar, kayan kuma su zama irin waɗanda ya yi mu'amala da su. Littafi cike da kayan da bai taɓa gani ba, komai tsufansu, ba zai tuna masa komai ba. Ka buɗe hotunan ciki ka ƙirga nawa zai gane.

In kai mai son zurfafawa ne, kana jin daɗin kwashe kwanaki a shafi ɗaya, littafi mai kauri na gaba da baya da Polychromos su ne naka, ka bar maka gaba ɗaya.

In so kake aikin ya fito kamar tsohon hoto, ɗauki mai inuwar toka da fensir mai kaki, ko maka mai haske in fuska ɗaya ne.

In kuma rataye shi za ka yi a bango ko ka bayar kyauta, buga shi da kanka a takarda mai nauyin giram 200 ko fiye da firintar leza, ka zaɓi fensira masu taurari uku ko Luminance, ka sa shi a firam mai gilashi, a bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye.